Kickstarter: yadda karo-karon mutum 214 ya buga mana littafin tatsuniya

A ƙarƙashin matakalar benen gidana da ke Birmingham akwai kwali biyu da har yau ban yage musu salatef ba, kowanne da littafi 30 a ciki. Su ne ragowar kwafi 500 na littafin tatsuniyoyin Hausa na yara da muka buga ni da autanmu, da kuɗin da mutum 214 suka yi mana karo-karo a dandalin Kickstarter a ƙarshen 2023. Tun daga lokacin tambaya ba ta yanke ba. Marubuta biyu, wani mai shirya fim, da wata ƙawata mai ɗinki, kowa abin da yake son ji ɗaya ne: ya abin yake, kuma ko su ma su shiga? Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya na minti biyu, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Ni 'yar Zariya ce, aikin jinya ya kawo ni Ingila. 'Ya'yana uku suna jin Hausa, suna mayarwa, amma idan na rubuta musu "ƙofa" a takarda sai su tsaya suna kallon ƙugiyar da ke kan harafin farko. Abin yana ci mini rai. Auta kuwa zane ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, Allah ya ba shi hannu, amma abin da ke ciyar da shi zanen fuskokin amare ne da allunan shaguna. Shekara da shekaru yana zana Gizo da Ƙoƙi da Botorami a bayan takardun da ya gama da su. Ya taɓa ɗaukar zanen ya kai wa masu buga littattafai har wuri biyu. Babu wanda ya ce bai yi kyau ba. Abin da suka ce shi ne kasuwa littafin da ke cikin manhajar makaranta take so, littafin yara mai launi kuwa tsadar bugawa gare shi, wa zai saya? Ya naɗe kayansa ya dawo gida.

Wata abokiyar aikina ce ta fara nuna mini dandalin, lokacin da ta sa kuɗi a wani wasan kati da ake shiryawa. Kamfanin Amurka ne, an buɗe shi a birnin New York a watan Afrilun 2009, mutum uku suka kafa shi: Perry Chen da Yancey Strickler da Charles Adler. Tsarinsa ba wuya. Ka zo da aikin da kake son yi, littafi ko fim ko faifan waƙa ko wata na'ura, ka faɗi nawa kake buƙata, ka yanke wa kanka wa'adi wanda ba zai wuce kwana 60 ba. Mutane su yi alƙawarin kuɗi, kai kuma ka yi musu alƙawarin tukuici, galibi shi kansa abin da za a yi. Idan wa'adi ya cika kuɗin ya kai abin da ka nema, sai a cire daga katunansu a ba ka. Idan bai kai ba, ko da fam ɗaya ya rage, ba a taɓa katin kowa ba, kai ma ba ka samun ko kwabo.

Mutanenmu da na yi wa bayani sukan ce, ai adashi ne. Ba adashi ba ne, domin wanda ya zuba babu ranar da zai kwasa. Ba sadaka ba ce, dandalin ma ba ya karɓar neman taimakon asibiti ko na gidauniya, masu wannan buƙata GoFundMe suke zuwa. Ba kuma hannun jari ba ne, ba a yarda ka yi wa kowa alƙawarin riba ba. Abin da ya fi kama da shi a wurina shi ne ka biya tela kuɗin ɗinkin Sallah tun kafin ya sayo yadi. Ka yarda da hannunsa, ka ba shi, ka zauna jira. Duk wanda ya taɓa zaman shagon tela a daren Sallah ya san abin da wannan yarda take nufi ga ɓangarorin biyu.

Wannan doka ta ko duka ko babu ita ce ta fi tayar mini da hankali da farko, kuma ita ce yanzu na fi yabawa. Akwai dandalin da ke barin mutum ya ɗauki duk abin da ya samu ko bai kai ba, Indiegogo ma yana da irin wannan zaɓi a lokacin. Amma ku duba: da mun nemi fam 6,000 muka samu 2,500 aka miƙa mana, da mun karɓi kuɗin mutane alhali ba zai buga littafin ba. Da mun shiga bashin da ba mu da hanyar fita. Dokar ta tilasta mana zama mu yi lissafi na gaskiya kafin mu buɗe baki, ta kuma ba wa wanda bai san mu ba natsuwar cewa kuɗinsa ba zai tafi a aikin da aka fara aka bari ba.

Sai dai kafin a kai nan akwai katangar da ya kamata duk Bahaushen da ke gida ya sani. Kowa a duniya zai iya sa kuɗi muddin yana da katin da ke aiki, amma buɗe shafin neman kuɗi sai mazaunin wasu ƙasashe ƙididdigaggu, Amurka da Ingila da Kanada da yawancin Yammacin Turai da Japan da Meksiko da wasu kaɗan. A lokacin da muka yi namu babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki. Ana son shaidar zama da asusun banki na ƙasar. Wato Auta, wanda shi ne mai zanen, shi ne mai aikin, ba shi da ikon buɗe shafin da sunansa. Da sunana aka buɗe, asusuna kuɗin ya shiga, ni ce hukumar haraji ta sani. Mu ciki ɗaya muka fito, babu komai tsakaninmu sai alheri. Amma na yi ta tunanin yaron da ba shi da yaya a Turai, wanda zai nemi wani ɗan garinsu da ya sani sama-sama ya ɗora masa amanar aikinsa da kuɗinsa. A ganina wannan shi ne babban giɓin dandalin ga mutanenmu, ya fi kowane kaso da suke cira.

Mun nemi fam 6,000 a kwana 30. Littafi mai shafi 32, bango mai tauri, launi daga farko har ƙarshe, tatsuniya huɗu. Fam 10 a aiko maka da kwafin karantawa a waya, fam 20 littafin kansa, fam 35 littafi biyu, ɗaya naka ɗaya a kai wata makarantar firamare a Zariya, fam 150 kuma ka samu ɗaya daga ainihin zanen da Auta ya yi da hannu. Shafin da ake cikewa yana da sauƙi, ko wanda bai saba da kwamfuta sosai ba zai iya. Akwai wani gurbi da dole ka cike, inda za ka faɗi haɗurra da matsalolin da ka iya hana aikin kammaluwa. Sun sa shi ne tun 2012, lokacin da suka fito suka ce wa jama'a Kickstarter ba kanti ba ne. Na rubuta layi huɗu a gurbin ina ganin cika ƙa'ida ce kawai. Daga baya na gane shi ne wurin da ya kamata in fi daɗewa a kai.

Kwana uku na farko kuɗi ya yi ta shigowa har muka wuce fam 2,000. Auta ya kira ni da dare muryarsa tana rawa, ya ce, "Yaya, wai duk waɗannan zanena suka gani?" Daga nan sai abin ya tsaya cik. Kusan mako biyu, wata rana mutum biyu, wata rana babu kowa. Ina fitowa daga aikin dare ƙarfe takwas na safe, kafin in cire takalmi na duba waya. Masu irin wannan aiki sun san da wannan sanyin tsakiya, ni ce ban sani ba. Abin da ya fitar da mu ba wani sirri ba ne: na bi lambobin wayata ɗaya bayan ɗaya, matan da muke haɗuwa a walima da suna, ƙungiyoyin 'yan Arewa na Manchester da Landan, 'yan ajinmu da suka watsu a Amurka da Saudiyya. Wata baiwar Allah da ke koyar da yara Hausa ranar Asabar ta tura wa iyayen ɗalibanta, a yini ɗaya mutum 19 suka shigo. Muka rufe da fam 6,840, saura kwana biyu muka tsallake abin da muka nema.

A nan ne nake son mai karatu ya tsaya. Dandalin yana nuna wa mai shafi ta inda masu ba da kuɗi suka biyo. A cikin mutum 214, kimanin 30 ne kawai suka tsinto mu a cikin Kickstarter ɗin kansa. Sauran duk mu muka kawo su da ƙafarmu, ta WhatsApp da Facebook da bakin wani zuwa kunnen wani. Waɗannan talatin ɗin sun faranta mini rai ƙwarai, akwai wata ɗaliba a Jamus da ke koyon Hausa, akwai wata tsohuwa Baƙar Amurka da ta rubuto cewa jikokinta take tara wa littattafan Afirka. Amma talatin ba su buga littafi. Mutane suna jin labarin marubucin nan na Amurka Brandon Sanderson, wanda ya tara sama da dala miliyan 41 a 2022, sai su ɗauka dandalin ne ya yi masa. Mutumin ya shekara fiye da goma sha biyar yana tara masu karatu kafin ranar. Kickstarter rumfa ce mai kyau da aka kafa, da ma'auni na gaskiya da mai riƙe kuɗi amintacce, amma kai za ka zo da 'yan kasuwarka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ba shi da mutum ɗari da za su amsa kiransa yau, ya fara neman su tukuna.

Mutanen gida kuwa, waɗanda saboda 'ya'yansu aka fi yin littafin, su ne suka fi shan wahalar shiga. A 2023 yawancin bankunan Najeriya sun dakatar da amfani da katin naira wajen sayayya a waje. Ga kuma faɗuwar naira tun daga watan Yunin shekarar: fam 20 a kasuwar canji ya haura naira 20,000, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000. Wasu suka tura wa Auta abin da ya sawwaƙa a asusunsa, dubu biyu, dubu biyar. Kuɗin nan bai shiga lissafin dandalin ba, domin mai shafi ba ya sa wa kansa kuɗi, dokarsu ce kuma daidai ce. Muka rubuta sunayensu a wani littafi daban. Har yau idan na duba jerin nan, malaman firamare da 'yan ajin Auta da wata gwaggonmu da ta aiko da dubu uku, nakan ji nauyinsa ya fi na wancan.

Batun kaso, ba ni da ƙorafi. Kickstarter na ɗaukar kashi 5 cikin ɗari, kamfanin da ke cire kuɗi daga kati kuma tsakanin kashi 3 zuwa 5, kuma duk an rubuta a fili tun kafin ka fara. Idan ba ka kai ga abin da ka nema ba, ba a cajinka komai. Katin mutum tara ya ƙi biya a ranar rufewa, aka ba su mako guda su gyara, shida suka gyara. Bayan kwana 14 fam 6,180 da 'yan kai suka shigo asusuna, daidai yadda aka ce.

Ranar da kuɗin ya shigo na yi murna, amma ba ta kai dare ba. Na zauna na kalli adadin sai na ga ba kuɗinmu ba ne, littafi 260 ne da ba a buga ba tukuna, kowanne da sunan mai shi da adireshinsa. Alƙawari kaya ne. Mun ce za mu aika a watan Maris, ba mu aika ba sai Agusta.

Dalilan suna da yawa. Maɗaba'ar da muka yi ciniki da ita ta aiko da gwajin farko, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai ɗan akwati babu komai a ciki, domin salon haruffan da aka zaɓa bai san da su ba. Muka canja, aka sake tsara shafukan duka tun daga farko. Gwaji na biyu launin fatar mutanen ya fito toka-toka, Auta ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za a buga Ƙoƙi da wannan fuska ba, kuma gaskiyarsa. Kafin mu daidaita layinmu ya wuce, aka sa mu a baya. Shi ma Auta wutar lantarki ta yi ta yi masa cikas wajen gyaran zane a kwamfuta. Kuɗin aikawa kuma na ƙiyasta fam 900, ya tashi 1,450, saboda littafi mai bango mai tauri nauyi gare shi, kuma ban yi lissafin masu zama Amurka da Kanada da kyau ba. Sannan a zafin kwanakin ƙarshe mun yi alƙawarin ƙarin katunan zane ga kowa idan an wuce 6,500. An wuce. Fam 300 ke nan da ba ya cikin tsari. Da aka tattara, bugu 2,900, haƙƙin Auta 1,500, tsara shafi da duba rubutu 400, sai da na cika kusan fam 400 daga albashina.

A watannin jinkirin nan na karanta labarin wasu da suka riga mu. Akwai wani akwatin sanyaya abin sha mai suna Coolest Cooler da ya tara dala miliyan 13 a 2014 daga mutum fiye da 60,000. Kamfanin ya rufe a 2019, kusan mutum 20,000 ba su ga nasu ba. Yawan kuɗin da yawan alƙawarin ne suka danne shi. Wani malamin jami'ar Pennsylvania, Ethan Mollick, ya yi bincike a 2015 ya gano kimanin kashi 9 cikin ɗari na ayyukan da suka samu kuɗi ba sa cika alƙawari, a wani bincikensa na baya kuma ya nuna mafi yawan masu ƙera kaya a makare suke kaiwa. Na samu sauƙi da na ga ba mu kaɗai ke makara ba, amma tsoron shiga cikin kashi taran nan ya hana ni barci fiye da sau ɗaya. Dandalin ba ya mayar wa kowa kuɗinsa idan aiki ya rushe, tsakaninka ne da waɗanda suka yarda da kai. Ga mai ba da kuɗi wannan abin sani ne. Ga mai karɓa kuma, sunanka ne a kan layi, kuma a wurinmu sunan gidanku ne, domin rabin mutanen nan sun san mahaifiyarmu.

Abin da ya riƙe mu shi ne rubuta wa mutane gaskiya. Akwai wurin aika bayani ga duk masu goyon baya lokaci guda, kuma yana cikin abubuwan da suka fi amfani a dandalin. Duk wata ina rubutawa, har hoton akwatunan da suka maye gurbin ƙ na sa musu. Mutum biyu ne kawai suka yi fushi. Da yawa addu'a suka yi mana.

To me abin ya yi wa Auta, shi da ake magana a kansa? Karo na farko a rayuwarsa aka biya shi kuɗin zane kafin ya gama, kuɗin da ya ishe shi ya ajiye allunan shaguna wata huɗu ya fuskanci abu ɗaya. Babu wanda ya ce masa ya sa wa Gizo kayan makaranta don littafin ya shiga manhaja. Ya zana rumbu da zaure da bishiyar kuka yadda ya san su. Wannan 'yanci ne na gaske, kuma ba na jin da wata hanya da za ta ba shi a lokacin.

Amma 'yancin bai zo shi kaɗai ba. Watan neman kuɗin gaba ɗaya bai zana shafi ko ɗaya ba, yana ɗaukar bidiyon hannunsa, yana amsa tambayoyi, shi da ba ya son kyamara. Sannan masu ba da kuɗi suna da baki, kuma suna da haƙƙin a saurare su. Iyaye da dama a nan Turai suka roƙi a sa fassarar Turanci a gefen kowane shafi. Auta ya ƙi, ya ce da zarar yaro ya ga Turanci ba zai kalli Hausar ba. Ni ina tsakiya, domin na san su waye suka biya. Muka yi kwana uku ba mu jituwa. A ƙarshe aka sa fassarar a shafuka biyu na bayan littafi da ƙananan haruffa. A cikin wannan gardama ce ya ce mini, "Yaya, da kamfani ne ubangidana ɗaya. Yanzu ina da ɗari biyu, kuma duk masu ƙaunata ne, ba wanda zan iya ce wa a'a kai tsaye." Na daɗe ina juya maganar. Na kuma lura cewa littafin da muka yi don yaran gida ya ɗan karkata zuwa ga yaran waje, a tsadarsa da taurin bangonsa da komai, saboda aljihun da ya biya a waje yake.

Ga masu tambayata, amsata ta danganta da wanda ke tambayar. Ƙawata mai ɗinki na ce mata ta bari, abin da take so jari ne na ci gaba da sana'a, dandalin kuwa na aiki ɗaya ne mai farko da ƙarshe. Mai fim na ce ya fara ƙirga mutanen da za su biya da kuɗin waje, ba masu kallonsa a YouTube ba, domin ba ɗaya ba ne. Marubutan kuwa na tuna musu cewa 'yan'uwansu mata da ke sakin shafukan farko kyauta a WhatsApp sannan su ce a biya kafin a ci gaba, sun riga sun gano rabin wannan hanya da kansu, da naira, ba tare da yaya a Turai ba. Wanda yake da jama'a a waje, da amintaccen da zai riƙe masa shafi, da aikin da ya kusa kammala kafin ya nemi kuɗi, Kickstarter zai yi masa aiki mai tsafta, kuma zan sake amfani da shi.

Kwafi 120 sun tafi Zariya a jirgin kaya a watan Satumba, aka raba wa makarantu uku da waɗanda ke cikin littafin sunayen nan. Gwaggo ta aiko da saƙon murya, jikarta tana karanta mata "Ga ta nan, ga ta nanku" tana tuntuɓe a kan kalmomin, ita kuma tana gyara mata daga ka. Littafi na biyu mun yanke shawarar buga shi iri biyu, mai tauri a nan don masu fam da dala, mai laushi a Kaduna ko Kano da farashin da malamin firamare zai iya. Ba za mu buɗe shafi ba sai zanen ya kammala duka kuma na kai kwafin gwaji gidan waya an auna mini shi. Auta ya gama shafi tara cikin 32.